Gogen Barau a Kan Keken Ɗinki

Ku matso ku ji, amma kada wanda ya katse ni sai na kai aya.

Barau mai goge ya rasu ya bar matarsa Tabawa da 'ya'ya uku: Mamuda, Ladidi da Sallau. Ko ɗaya bai koya wa goge ba, wai ba ya so su yi roƙo. Tun ranar bakwai Tabawa ta juya fuska bango ta daina cin abinci, ta ce sai ta ji taken da yake kaɗa mata ita kaɗai a tsakar gida. Ladidi ta bi makaɗan garin gida-gida tana kuka, suka ce tunda Barau ya raina sana'ar, 'ya'yansa su kaɗa da kansu. Ku ji rashin imani! Mutumin da suka ci tuwonsa shekara talatin.

Mamuda mai gyaran keke ne. Ya kwance keken ɗinkin matarsa, ya naɗe ƙafar keken da izga, ya shafa ƙaro, ya ɗaure gogen uban a jiki. In an taka feda, izgar ta yi ta gugar tsirkiya ba tsayawa. Maƙwabta har leƙowa suke ta katanga suna dariya, 'yan baƙin ciki.

Ladidi kuwa a cikin 'ya'yan ita kaɗai ke tuna taken, don tana yarinya takan ji shi in tana daka. Ta yi ta rera shi da hanci har muryarta ta dushe, amma rabi ta riƙe, sauran ya ɓace mata. Haushin kanta ya hana ta sakat.

Sallau direba, wanda ko sitiyari ya samu sai ya kaɗa, shi ya ɗora yatsu a tsirkiya. Ya bi muryar Ladidi tiryan-tiryan, da ta tsaya shi bai tsaya ba. Ya saki hannu ya bi abin da zuciyarsa ta ba shi, ya ƙirƙiro sauran nan take.

Sai ga Tabawa ta yunƙura ta zauna, ido jajir.

“Wane ɗan banza ne ke ɓata wa Barau take? Ba haka yake sauka ba! Ladidi, ba ni kunu in samu ƙarfin gyara masa.”

Ta shanye kwano guda, ta yini tana zagin Sallau tana gyara masa, ta kuma rayu.

To, kafin sati ya zagayo, waɗannan marasa kunya sun fara rigima kan wanda zai gaji gogen. Mamuda ya ce ba don kekensa ba, da gogen na rataye kamar tsohuwar ƙwarya. Ladidi ta ce injin da bai san waƙa ba ƙara kawai yake yi. Sallau ya ce kuskurensa ne ya tayar da uwarsu, ba daidai ɗinsu ba. Tabawa kuwa ta rantse ba za ta sa baki ba.

Gogen guda ne, ba ya rabuwa uku. Ku faɗa mini, hannun wa za a danƙa wa?