Dokar Injiniya da fayilolin marasa lafiya

Akwai wani mutum da ake kira Filaya, shi ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti. Ba shi da kwalin makaranta ko na kwabo. A gindin tebur ya koyi aikin, shekara goma sha ɗaya yana rarrafe da waya a baki.

Ana nan sai Likita, mai asibitin, ya ɗauko ɗan yayarsa da ya gama karatu. Injiniya, in ji shi. Takalmi mai tsini, turare har bakin ƙofa, ko gaisuwa sai ka roƙa.

Asibitin yana da rauta ɗaya, na'urar da ke nuna wa saƙo hanya. A jikinta aka jona layin intanet biyu, da kwamfutocin teburin karɓar marasa lafiya, da sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe fayilolinsu.

Injiniya ya rubuta wa rauta doka: duk abin da ya fito daga teburin karɓa, a tura shi layi na biyu, don kada su cinye wa kawunsa intanet.

Filaya ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan dokar kafin komai ake karanta ta. Har mai neman fayil za ta jefa waje. Ka ware sabar tukuna."

Injiniya ya ce, "Sabar da ke manne da rauta? Ai ta san ɗan gida. Baba, wace makaranta ka yi?"

"Ban yi ba."

"To je ka ɗaura waya."

Ku ji rashin kunya! Mutumin da ya haife ka a sana'a!

Washegari da safe fayil ko ɗaya bai buɗu ba a teburin karɓa. Layi har waje. Wata tsohuwa mai hawan jini ta zauna a ƙasa, yara na kuka, Sista mai teburin tana danna madannai kamar za ta fasa su.

Likita ya fito a fusace. Kafin a tambaye shi Injiniya ya riga ya nuna yatsa: "Kawu, wayar sabar ce ta mutu. Aikin 'yan koyo a titi ke nan."

Wallahi nan take Likita ya sa aka rubuta wa Filaya takardar sallama daga aiki. Shekara goma sha ɗaya, ba ko "me ya faru?" Dangi dai dangi ne.

Filaya ya karɓi takardar. Ya ce, "Likita, alfarma ɗaya. Buɗe fayil a kwamfutar ofishinka."

Ya buɗu fes.

Filaya ya ce, "To waya ɗaya ce ke zuwa sabar. Matacciyar waya ba ta zaɓen wanda za ta yi wa aiki. Teburin Sista kawai doka ta hau, shi ya sa saƙonsu ke yawo a waje yana neman abin da ke cikin gida."

Sista ta ce, "Jiya a gabana ya faɗa masa, aka ce ya je ya ɗaura waya."

Likita ya juya wajen ɗan yayarsa. "Kai, gyara."

Injiniya ya zauna. Minti ashirin yana zufa yana lalube a wayarsa. Tsohuwar nan ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan nan, in ba ka iya ba ka tashi mana, jiri nake ji."

Filaya ya ja kujera, ya ƙara layi ɗaya a saman dokar: abin da za shi sabar, a ƙyale shi. Sunan tsohuwar ya fito a allo.

Likita ya yaga takardar, ya karɓe mukullin ɗakin rauta daga hannun ɗan yayarsa ya miƙa wa Filaya. Amma "yi haƙuri"? Har yau ba a ce masa ba, kuma abin na ci mini rai.

Darasi: Kwali ba ya hana kuskure, girman kai ne ke hana gyara shi. Kafin ka kafa dokar "kowa da komai", tambayi wanda ya san abin da ke jone a gidan. Kuma kada ka yanke wa tsohon ma'aikaci hukunci da bakin ɗan'uwanka. Ku tura wa shugabannin da kuka sani, ko ɗaya ya ji kunya.