Furen Haujeri a Wuyan Akuya

Ku matso, yau akwai gardamar da za ku raba mini.

Lantana ta haifi 'ya'ya huɗu, ta binne uku. Kyauta ce kaɗai ta rage mata, yarinya mai son fure kamar me. Wata safiya Kyauta ta fita da akuyarsu, da hantsi sai ga akuya ta dawo ita kaɗai, da wani farin fure soke a igiyar wuyanta. Lantana na ganin akuya babu Kyauta ta zabura. Ta fito tsakar gari ba ko mayafi, tana ihu: "Wallahi hannuna ba ya riƙe ɗa! Duk wanda ya dawo mini da ita da rai, na ba shi riƙonta."

Inna Tasalla mai sayar da saiwoyi ta zare furen ta duba. Ganye huɗu, zaruruwa farare kamar gemun masara, a tsakiya kuma wani dogon tsinke mai ƙululu a kai, wanda shi ke zama ɗan itacen. Ta ce, "Haujeri ne. Da yamma yake buɗewa, rana na ɗagawa ya yi yaushi. Wannan ko bai yi ba, yarinyar ba ta yi nisa ba." Ba don ita ba, da samari sun nausa daji can gabas.

Amma haujeri ya cika karkarar, wanne za a nufa? Nomau mai zuma ya ce ƙamshin furen nan ƙudansa ke bi, kuma a duk yankin kurmi ɗaya ne ya yi fure bana, na tsohon kufai. Jin kufai, Lantana ta ruga can a guje, jama'a na biye da ita, don kowa ya san akwai matacciyar rijiya a ƙarƙashin kurmin.

Can suka jiyo kukan Kyauta, siriri kamar na mage. Ashe ta miƙa hannu tsinkar fure ne ƙasa ta zame da ita, ƙayar haujeri mai ƙugiya ta kama zanenta, tana reto a bakin rami. Zanen yana yagewa a hankali, kowa na jin ƙararsa. Maza suka yi cirko-cirko. Jatau mai haƙar rijiya ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kutsa cikin ƙaya da rarrafe, bakin rijiya na zubewa a ƙarƙashinsa. Ya cafko ƙafarta daidai lokacin da zanen ya rabu biyu. A nan ƙaya ta tsiyaye masa ido ɗaya.

Yanzu ga Lantana zaune ta ƙanƙame 'yarta. Tana tsoron karya rantsuwa, tana kuma tsoron sakin yarinyar. Ga Inna Tasalla da Nomau da Jatau a ƙofar gida, babu ɗa a gidan ko ɗayansu, kowa ya shimfiɗa sabuwar tabarma yana jira.

To, jama'a, hannun wa Lantana za ta damƙa wa Kyauta?