Sunan da Ke Nuna Wani Suna

Akwai wani mutum mai shirya manhajojin kwamfuta, yana haɗa su yadda za su zauna daidai a kwamfutocin jama'a. Yana aiki da fayil na umarni da ake kira makefile. A cikin fayil ɗin akwai sunaye, kowane suna kuwa kamar ƙwarya yake, ana zuba masa bayani.

Ɗaya daga cikin sunayen shi ne MASAUKI. Shi ke faɗin wurin da kwamfuta za ta share ta sauke sabuwar manhaja. Maigidansa na dā, wanda ya koya masa aikin, bai rubuta wurin a cikin MASAUKI ba. Sai ya rubuta, "Duba ƊAKI," ya sa wurin a ƊAKI, wani suna da ke cikin tasa kwamfutar, ba cikin fayil ɗin ba.

Ana nan sai wani ƙaramin asibiti ya nemi manhajar. Mutumin ya kwafe fayil ɗin zuwa sabuwar kwamfuta, ya sa gwaji cewa kada a share kome sai in akwai rubutu a MASAUKI. Gwajin ya nuna ba matsala, domin rubutun "Duba ƊAKI" yana ciki.

Abokiyar aikinsa ta ce, "Ɗan'uwa, ka bi sunan nan har ƙarshe kuwa?"

Ya ce, "Na gwada, akwai rubutu a ciki. Aikin maigida ne, bai taɓa ba mu kunya ba."

Ashe a sabuwar kwamfutar ba wanda ya zuba kome a ƊAKI. Da aka sa manhajar a asibitin, kwamfuta ta duba MASAUKI, ya tura ta ƊAKI, ta tarar ba kome. Da ta rasa wurin da aka keɓe mata, sai ta kama shara tun daga tushe, har da sakamakon gwajin jinin marasa lafiya. Marasa lafiyar suka koma layi aka sāke ɗibar jininsu. Mutumin ya je ya ga layin da idonsa, ya kāsa ɗaga kai.

Ma'anar wannan misali ita ce, da yawa a cikinmu in an tambaye mu bangaskiyarmu, sunan wani muke nunawa. "Babana dattijon ikilisiya ne." "Mamata tana zumuntar mata." Gaskiya ne, amma wannan "duba wane" ne kawai. Bangaskiyar babanka ta riƙe babanka. 'Yan'uwa, kowa ya gwada zuciyarsa yau, ya bi ta har ƙarshe. In ka tarar ba kome, kada ka ɓoye. Roƙi Ubangiji ya cika ta, tun ranar gwaji ba ta zo ba.