Garkuwar Dogo Mai Aski

A'a 'yata, ba ni nake buga gem ba. Ni da ko saƙo aka turo sai na nemo tabarau? Abin ya faru ne a layinmu, a kan idona, shi ya sa na san sunayen abubuwan. Tunda kin tambaya bari in ba ku labarin gaba ɗaya.

Akwai wani mai aski, ana ce masa Dogo. Yana da yaya direban babbar mota, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Ya tashi, amma hannun dama ya yi nauyi, yatsun ba sa jin magana. Likita ya ce ya riƙa motsa su kullum, ya ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya dinga matsawa.

Yaya ya matsa ta kwana biyu ya wurgar ƙarƙashin gado.

Autarsu da take aiki a wani gari ita ta kawo dabara. Ta sa musu wani gem a waya wanda mutum huɗu suke haɗuwa su shiga kogo su yaƙi dodo. Kowa yana gidansa, amma suna jin muryar juna. Ita ta ɗauki mai kwari da baka. Abokinsu Mai Walda ya ɗauki mai jifa da wuta. Yaya aka ba shi mai magani, wanda yake tsayawa baya yana warkar da duk wanda aka ji wa ciwo. Dogo kuwa aka ce shi ne tanki.

Tanki shi ne mai garkuwa. Aikinsa ya tsaya gaba ya tsokani dodon, duk dukan ya sauka a kansa, sauran su samu su yi aikinsu.

Yadda suka bayyana mini, duk matakin da ka haye ana ba ka maki, kai za ka zaɓi inda za ka zuba. Ko a takobi, ko a garkuwa, ko a ƙarfin jiki, ko a tsokana. Dogo ya zuba nasa a garkuwa da tsokana kamar yadda Auta ta ce. Mutumin nasa ya fito ƙato, ga nauyin tafiya kamar an ɗora masa buhu.

Kullum da yamma sai su hau. Matar Yaya ta ce tun da ciwon ya same shi ba ta ji dariyarsa ba sai a wannan lokacin. Babban yatsan ma ya fara kaiwa inda ake so.

To amma gem ɗin yana da wani abu. In an gama yaƙi sai ya fito da jerin wanda ya fi dukan dodo. Kullum Dogo ne a ƙasa.

Mai Walda ba ya barin ta wuce.

"Dogo, yau ma kai ne wutsiya? Ko Yaya da hannu ɗaya ya kusa kamo ka."

"Ni ai tsare ku nake."

"Tsare mu ko tsayuwa? Ka koma turken ɗaure akuya kawai."

Har a shago yake zuwa ya faɗa gaban masu jiran aski, a yi ta dariya. Dogo yana dariyar shi ma, amma abin yana cin sa.

Gem ɗin yana ba mutum damar kwashe makinsa ya sake rabawa, sau ɗaya tak. Ran nan da rana ba kowa a shago, Dogo ya kwashe na garkuwa da na tsokana ya juye a takobi. Bai gaya wa kowa ba. Kayan jikin mutumin ba su canza ba, ba mai ganewa da ido.

Da yamma suka shiga kogo. Dogo ya yi ta sara. Amma tunda ba tsokana, dodon bai ko kalle shi ba. Ya wuce shi ya nufi mai magani, duka biyu ya kashe Yaya. Da mai magani ya faɗi sai sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Jeri ya fito, Dogo ne na biyu. Ya ji daɗi a ransa.

Washegari haka. Jibi haka. Kullum Yaya ne farkon mutuwa.

A rana ta huɗu Yaya ya ce, "Ku nemi wani mai maganin. Hannun nan ne yake kashe ku, ba ya sauri."

Auta ta ce, "Haba Yaya, wasa ne fa."

"Na san wasa ne. Wasan ma na kasa."

Ya kashe wayar. Dogo yana ji, ya ɓoye abin da ya yi.

Bayan kwana tara Dogo ya je yi masa aski kamar yadda ya saba. Matar Yaya ta tare shi a bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙanina, ka yi masa magana. Wayar tana saman kwaba ta yi ƙura. Cokali ma ya koma ɗauka da hagu. Ya ce wai me zai wahalar da kansa a kan hannun da ya riga ya mutu."

Dogo ya shiga. Ya zaunar da yayansa a kujerar roba kusa da taga, ya yafa masa ƙyalle, ya kunna inji. Hannun daman yana kan cinya a dunƙule. Ya aske gefe ɗaya, ya zo tsakiyar kai, sai ya kasa ci gaba.

"Yaya, ba hannunka ba ne."

"Me?"

"Ni ne. Na kwashe makin garkuwa na zuba a takobi, don a daina ce mini wutsiya. Shi ya sa dodon yake wuce ni ya zo kanka. Ko hannu goma gare ka sai ya kashe ka."

Yaya ya ce, "Kashe injin nan."

Ya kashe. Yaya ya juyo ya dube shi.

"Kwana tara ina zagin hannuna, kana ji, ka yi shiru?"

"Ka yafe mini, Yaya."

Yaya ya daɗe yana kallon hannun. A hankali ya buɗe yatsun, ya rufe, ya sake buɗewa. Sannan ya ce, "To ƙarasa askin mana. Rabin jiki bai isa ba sai ka bar ni da rabin kai?"

Da aka gama ya ce ba zai taɓa wayar ba sai Dogo ya dawo da garkuwarsa. Ga shi damar sake rabon maki ta wuce. Ba wata hanya sai ya goge mutumin ya faro sabo tun daga matakin farko.

Haka ya yi. Sati uku yana ginawa, tsakanin askin wannan kai da wancan. Duk makin da ya samu sai garkuwa, sai ƙarfin jiki, sai tsokana. Ko ɗaya bai sa a takobi ba. A sati ukun nan Yaya da kansa ya sa aka zaro masa ƙwallon roba daga ƙarƙashin gado, wai kada ranar ta zo ta same shi bai shirya ba.

Ranar da suka koma kogo, Dogo ya tsaya gaba ya tsokani dodon. Duka ta ko'ina, bai matsa ba. Yaya yana baya yana warkar da shi, da hannun dama. Karo na farko suka faɗi, na biyu ma haka. A na uku dodon ya kwanta.

Jeri ya fito. Dogo ne a ƙasa, ƙasa sosai.

Mai Walda ya fara, "Dogo, yau ma..."

Yaya ya katse shi. "Kai, rufe mana baki. A bayan wa ka ɓuya kana jifan?"

Yanzu Yaya da dama yake riƙe kofin shayinsa. Yana ɗan zubarwa, amma da dama ne.

Darasi: Akwai aikin da ba a rubuta shi a jeri, amma shi yake riƙe da kowa. In kai ne garkuwar gidanku ko wurin aikinku, kada zolaya ta sa ka bar wurinka, don dukan da ka kauce wa a kan na bayanka zai sauka. In kuma ka yi kuskure ka faɗa da wuri, kada ka bar wani yana zargin kansa da laifinka. Ku tura wa duk wanda yake tsaya muku a gaba, ya san kun gani.

Bari in tashi haka, na ji sallama a ƙofa, ga kuma masu saƙo tun safe ban amsa musu ba.