Allon Ya Nuna P, Motar Ba Ta Tsaya Ba

Akwai wani magidanci mai shagon labule, yana da tsohuwar mota otomatik da yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya.

Tsufa ya kama motar. In ka sa D, giyar tafiya, sai ta yi jim, can ta fizga. Wani lokaci kuma ka kai giya P, wato ta fakin, allon ya nuna P, amma motar tana silalewa. Birkin hannu kuwa ya daɗe da mutuwa.

Ƙanin matarsa, Auta, bakanike ne. Ya duba man giya ya ga lafiya lau, sai ya shiga ƙarƙashin motar.

Da ya fito ya ce, "Yaya, wayar da ke jan giyar ce ta saki. Sama tana nuna P, ciki bai kama ba. Bar min ita kwana biyu, in haɗa da birkin hannun."

"Kai Auta, ina tuƙi kana rarrafe. Ni zan hau motar haya kamar mara galihu? Ba ni makullina."

Jama'a, girman kai rawanin tsiya! Sai ya samo dabararsa: ya danne birki, ya yi ta jijjiga giyar har ya ji ƙas, sannan ya fita. Da matar ta dame shi da maganar Auta, ya ce mata, "An gyara a wurin manya." Ƙarya ce tsagwaronta.

Wata safiya zazzaɓi ya kwantar da shi. Ta ce, "Baban yara, kawo makulli in sayo maka magani." Ya miƙa mata.

Ƙofar gidansu a gangare take. Da ta dawo ta sa P, ta ga P da idonta, ta fita buɗe get. Ta juya baya ke nan motar ta biyo ta, ta matse ta da ginshiƙi.

Yana kan gado ya ji ihun. Wallahi bai buƙaci a faɗa masa abin da ya faru ba.

Ƙafa ɗaya likitoci suka iya cetowa. Auta ya kwana a asibiti yana kuka, ko kallon mijin yayarsa bai yi ba.

Ranar da bakinta ya buɗe, tambaya ɗaya ta yi wa mijinta.

"Da kake miƙo min makullin, ka tuna ba a gyara ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na tuna. Nauyin in ce ƙarya na yi miki ne ya hana ni magana."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta janye hannunta daga nasa, ta ce, "Kira min Auta ya gyara min matashin nan."

Darasi: Matsalar da ka ɓoye don kare girmanka, wanda ya yarda da kai take kayarwa. In masani ya ce a gyara, a gyara, ko da ƙaninka ne. Ku tura wa duk mai lallaɓa mota da dabara, kafin a yi da-na-sani.