Marka da Tandun Kwallin Uwarta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari can, tun ba a san madubi ba, ruwan rafinsu kuma ja ne jawur da laka. In mace za ta sa kwalli, sai ta zauna gaban 'yar'uwarta, ta kalli kanta a cikin idonta.

To, akwai wata yarinya, Marka. Uwarta ta rasu tana kallonta, sai mutane suka ce mugun ido gare ta. Ta shigo kasuwa, a kau da kai. Ta je rafi, a kau da kai. Tandun kwallin uwarta kaɗai ya rage mata, ba ta taɓa buɗe shi ba, don ba idon da za ta duba. Ga shi fuskar uwar ta fara ɓace mata. Ta ji ana cewa kamarsu ɗaya sak, sai ta fita neman wanda zai dube ta.

Ta tarar da Hawainiya, ta roƙe ta. Hawainiya ta ce ai ba komai. Ido ɗaya ya bi ƙuda, ɗaya ya bi gajimare. Marka ta wuce.

Ta tarar da Kura. Kura ta zuba mata ido ƙuri, har da murmushi. Marka ta leƙa ciki, ba ta ga fuska ba, sai nama. Ta ruga.

Ta tarar da Mujiya a kogon kuka. Mujiya ta ce ita ma haka ake gudunta, amma da rana idonta ba ya buɗuwa, da dare kuma na Marka ba ya gani. Ta ce wa Marka ta je bukkar ƙarshen daji.

Can ta sami wata tsohuwa makauniya, Iya Cindo, ita kaɗai da murhu a mace. Marka ta juya za ta tafi, makaho zai dube ta?

"Zo nan, ke mai tafiyar marayu," in ji tsohuwa.

Marka ta matso. Tsohuwa ta shafa goshinta, ta shafa hancinta, ta shafa haɓarta. Hannunta ya tsaya.

"Wannan haɓar ta Tabawa ce. Ni na yi mata kitson aure. Ina take?"

Marka ta faɗa mata ai uwarta ce, ta rasu. Hawaye suka cika fararen idanun nan taf. Marka ta leƙa, sai ga uwarta tana kallonta, ƙarama, da busasshen leɓe.

Ta buɗe tandu, ta sa kwalli. Ta sa wa tsohuwa. Sannan ta tashi ta hura murhu.

Masu ido duk gari ba su gan ta ba, makauniya ta gan ta. In kun ga yaron da ake kau wa kai, ku dube shi, kun ji ko?

Ƙurunƙus kan ɓera. Ku tashi, idona ya yi nauyi.