Motar da Ta Yi Shiru a Hanyar Nguru

Akwai wani mutum a Gashuwa mai suna Munzali, dillalin shinkafa. Ba mugu ba ne, kada wani ya tashi ya ce na ce mugu ne. Yana ciyar da uwarsa, yana tufatar da ita, maganin idonta bai taɓa yankewa ba. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya son a raina shi.

Mahaifinsa ya rasu ya bar wata tsohuwar Fijo a-kori-kura. A cikinta ya ƙare rayuwarsa, ya kai busasshen kifi Nguru, ya juyo da kanwa. Duk wanda ya san kanwa ya san abin da take yi wa ƙarfe. Ga ruwan fadama da motar take kutsawa kowace damina. Tsatsa ta cinye ƙasanta, har wajen da matarsa Meram, uwar Munzali, take ajiye ƙafa ya huje, ana hango titi yana gudu.

Marigayin bai kai wa kowa gyara ba. Tsohon faranti ya ɗauko a ɗakin Meram, ya rufe ramin, ya ɗaure da waya. Tun daga ranar, in motar ta taho, kwaram-kwaram ɗinta yake riga ta shiga unguwa.

Bayan rasuwarsa aka tura ta gindin darbejiya. Kaji suka mai da ita ɗakin ƙwai.

Meram tana da yaya guda, uwa ɗaya uba ɗaya, Kaltum, tana aure a Nguru. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Meram yanar ido ta rufe mata gani. Kaltum kuma ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya yi nauyi. In an haɗa su a waya, ɗaya ba ta gani, ɗaya ba a gane abin da take faɗa. Sai su yi ta "na'am, na'am" har a gaji a kashe.

Wata rana Meram ta ce, "Auta, wayar nan ba ta yi mini. Hannun Yaya nake so in riƙe."

Abin da ta roƙa ke nan. Ba ta ce Makka ba. Nguru ta ce, inda mata suke zuwa cin kasuwa da safe su dawo su ɗora tukunyar dare.

To amma akwai Zakir, ɗan Kaltum, mai babbar mota baƙa. Ya zo Gashuwa ɗaurin aure, ya tsaya gindin darbejiya, ya ƙwanƙwasa Fijon da makullinsa a gaban mutane.

"Ɗan'uwa, har yanzu ba ka kira 'yan gwangwan ba? Motar da in kana ciki sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji ka? Ka bari gobe in tafi da Inna Meram a tawa."

Aka yi dariya. Wasa ne irin na 'yan'uwa, amma Munzali bai ɗauke shi wasa ba.

Ya ce, "Inna ba za ta shiga motar kowa ba. A motar mijinta za ta je Nguru. Kuma ranar da za mu shigo layinku, wallahi ba za ka ji shigowarmu ba."

Magana ta fita a bainar jama'a. Daga nan wahala ta fara.

Ya sa aka ja motar zuwa wajen Madu mai walda, wanda a ƙuruciyarsa shi ne yaron motar marigayin. Madu ya cire kujera, ya yaye tsohuwar ledar ƙasa, ya soka sukudireba. Ta wuce kamar an soka a tuwo.

Ya ce, "Ɗan maigida, wannan ba ta liƙi ba ce. Sai an yanke."

A nan kam Munzali ya yi daidai, ba zan tauye masa ba. Tsatsa ba a lallashinta. In ka shafe ta da fenti, tana nan a ƙasa tana cin abincinta. Madu ya yanke duk inda ya ruɓe har ya tarar da ƙarfe mai rai. Ya auna sabo, ya lanƙwasa, ya yi walda, ya goge bakin ɗinkin. Ya shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje, ya toshe duk kafar da ruwa zai bi. Farantin Meram kuwa, da aka kwance wayar, sai ya rabe biyu a hannu. Aka jefa shi cikin tarkace.

Makaniki ya tashi inji, aka sa birki da tayoyi. Kafin azumi ya kama, motar ta tsaya da ƙafarta.

Madu ya goge hannu ya ce, "Bismilla. Ɗauki tsohuwa ku tafi. Ƙasan nan ko buhun kanwa ka jibga ba zai motsa ba."

Munzali ya zagaya gari da ita ya dawo fuska a murtuke.

"Tana ƙara."

"Mota ce ai."

"Ina jin titi a ƙarƙashin ƙafata, Baba Madu. Ina jin inji. Haka zan shiga layin su Zakir?"

Madu ya dube shi, ya dubi motar. Ya ce, "Ni aikin ƙarfe na iya. Aikin kunne sai ka nemi masu shi."

Ya nemo su kuwa. A waya ya ga yadda ake yi: wata shimfiɗa mai kwalta a ƙasa, ƙyalli a sama, a manna ta a jikin ƙarfe ta kashe ƙara. A ɗora soso mai kauri, sannan kafet. Babu ita a Gashuwa, sai Kano. Aka yi saƙo, aka zauna jira.

Meram ta ce, "Auta, an ce motar ta tashi."

"Saura kaɗan, Inna. Bayan salla."

Kayan suka iso, aka manna. Sai zafin bazara ya sauko, irin namu na nan wanda ba ya jin magana. Kwaltar ta narke, ta saki, wari ya cika motar har ido yana yaji. Aka kankare duka, aka sake saƙon wata mai jure zafi.

"Auta."

"Saura kaɗan, Inna."

Ta biyun ta zauna. Sai ya ce ƙofofi suna amsa kuwa. Aka buɗe cikinsu aka cusa. Sai ya ce iska tana shiga ta robar gilashi. Aka nemo roba. Rana tana faɗuwa zai dawo gida, yatsu duk gam, baya ya ƙage, ya zauna ko tuwo ba ya iya gamawa. Shi kansa ya gaji. Amma ya riga ya rantse a gaban maza.

Zakir ya bugo waya ba sau ɗaya ba. "Ɗan'uwa, jikin Innata sai a hankali. Ka bar maganar nan, wasa nake yi. In turo direba?"

"Mun gode. Muna tafe."

Ita ma Meram ina da magana a kanta. Haƙuri abu ne mai kyau, amma da ni ce, da na lalubi sandata na tafi tasha. Ita ba ta son ta kunyata ɗanta. Ta ɗaure ɗan ƙullinta, turaren wuta da dabino da za ta kai wa yayarta, ta ajiye a kan gado wajen kai. Dabinon ya bushe, ta ba jikoki, ta sa aka sayo wani. Shi ma ya bushe.

Wani yammaci ta ce masa, "Ka san da ni da Yaya a gaban motar nan muke zama, ubanka yana tuƙi? Farantin yana ta kaɗawa, mu muna ta ihu a kunnen juna. Mu isa Nguru murya ta dishe. Babu hirar da ƙarar nan ta taɓa hana mu."

Ya ce, "Wancan zamani ne, Inna. Yanzu za ki ji daɗi."

Ta ce, "To."

Damina ta shigo. Ya ji wani ɗan ƙiƙi-ƙiƙi a ƙarƙashin kujera, wanda in ba shi ba babu mai ji. Ya sake kwance kujerar, ya ɗaga kafet, ya ɗaga soso.

Motar tana haka a buɗe, da safe, Zakir ya kira. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Ka kawo Inna Meram yau. Yau, Munzali."

Tasha tana nan. Motocin Nguru suna lodi. Da ya kama hannun uwarsa a lokacin, da hantsi suna can. Amma ya ce ai mayar da kujera ba wani abu ba ne. Ya shimfiɗa soso, ya ga ya karkace, ya gyara. Ya ja kafet. Ƙusar kujera guda ta ɓata, aka shiga nema. Sai bayan azahar suka tashi.

Da aka shigar da Meram, ta zare takalmi, ta lalubi ƙasa da tafin ƙafa. Laushi ta ji.

"Ina farantin?"

"An cire, Inna. Ya ruɓe."

Ta rungume ƙullinta.

Maganar gaskiya, aiki ya yi. Ya rufe ƙofa, ya ɗaga gilashi, duniya ta ɗauke. Ba ƙarar titi, ba kaɗawar ƙarfe, injin ma can ƙasa-ƙasa. Numfashin tsohuwar kawai yake ji, da ƙwas-ƙwas ɗin carbinta. Duk da halin da ake ciki, sai da wani daɗi ya ratsa shi.

Sun wuce Jajimaji kaɗan wayarsa ta yi ƙara. Ya ga sunan Zakir. Ya rage gudu, ya kai wayar kunnen da ba ya wajen uwarsa, ya danne sosai.

Zakir ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta cika yanzun nan. Kada ka gaya wa Inna Meram a hanya, ka bari ku iso a zaunar da ita."

Munzali ya daidaita murya ya ce, "To, to. Madalla. Ga mu nan kusa."

Ya ajiye wayar. Carbin ya tsaya.

Meram ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Inna, ai cewa ya yi..."

"Na ji abin da ya ce, Munzali. Har da kada a gaya mini. Aikinka ya yi kyau. Babu abin da ban ji ba."

A tsohuwar motar, da ko ihu Zakir ya yi ba za ta ji ba. Da ta samu ɗan sauran hanyar nan da yayarta a raye a zuciyarta. Shirun da ya yi wata da watanni yana nema, shi ya kai mata saƙon har cikin kunne.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ja mu je. Kada a yi mata wanka ban iso ba."

Sauran tafiyar Munzali ya so ko wani abu ya kaɗa, ko ƙofa, ko ƙusa. Babu.

Suka shiga layin su Zakir. Mutane suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, babu wanda ya waiwayo sai da motar ta tsaya a gabansu. Rantsuwarsa ta cika. Ba a ji shigowarsu ba.

Mata suka kama Meram suka kai ta ɗaki. Ta laluba ta samu hannun Kaltum, ta riƙe. Ya riga ya yi sanyi. Ta daɗe a haka. Sannan ta kwance ƙullinta ta miƙa turaren, ta ce a sa wa likkafani.

Bayan an dawo daga maƙabarta, wasu samari suka kewaye motar suna leƙe. Ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan ta sayarwa ce? Kai, an kashe mata aiki!"

Zakir ya zo ya tsaya kusa da Munzali. Bai yi gori ba, da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Mota ta yi kyau, ɗan'uwa."

Can ya ƙara da cewa, "Ka san tun da aka gaya wa Innata ana gyaran motar Baba, ta sa aka juya gadonta wajen taga. Duk wata akwalar mota da ta wuce tana kwaram-kwaram, sai ta ɗaga hannun nan mai lafiya ta ce, 'Meram.' Sunan nan kaɗai ne yake fita daidai a bakinta."

Munzali ya zauna a ƙasa, a nan gefen taya.

Da aka yi sadakar bakwai ya zo ɗaukar uwarsa. Ya buɗe mata ƙofa. Ta tsaya da sandarta ba ta matsa ba.

"Kai ni tasha, Auta."

"Inna, don Allah."

"Ba fushi nake yi ba. Na yafe maka duniya da lahira. Amma motar haya zan hau. Can akwai 'yan kasuwa, akwai kaji, akwai masu faɗa a kan canji. Ina son in ji hayaniya. A cikin taka, muryar Zakir kawai zan yi ta ji."

Ya kai ta tasha da ƙafa, yana riƙe da hannunta. Ya zaunar da ita a gaba. Shi kuma ya biyo su a baya a Fijon, shi kaɗai, gilashi a sauke, har Gashuwa.

Motar tana nan gindin darbejiya, an lulluɓe ta da tamfol. Ƙasanta lafiya lau, Madu ya ce za ta fi mu daɗewa.

Darasi: Abin da zai cutar, kamar tsatsa, a yanke shi tun da wuri, kada a rufe. Amma in abu ya isa amfani, a yi amfani da shi. Gyaran da aka ci gaba da yi don a rufe bakin wani, ba don mai buƙata ake yi ba, don kai ake yi. In tsohonka ya roƙe ka abu yau, ka yi masa da abin da ke hannunka yau, ko yana kwaram-kwaram. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana ce wa uwarsa "saura kaɗan". Ku tura masa yanzu, ba sai anjima ba.